Sunan da Inna Ige Ta Ƙi Faɗa

Na yi ritaya, na manta lambar tebur ɗina, na manta sunayen rabin waɗanda muka yi aiki tare, amma akwai ranar da ta ƙi fita daga kaina. Ranar wata Talata ce, da Darakta ya turo mini rikodata ta kan tebur da bakin biro, kamar mai ture ƙazanta, ya ce, "Hajiya Luba, wannan ba tarihi ba ne. Hirar tsofaffi ce." Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, kullum kuna wuce allon sunayen da ke rataye a zauren ofis. Wataƙila wani cikinku ya lura sunan ƙarshe fentinsa ya fi na sauran haske, kuma ya ɗan karkace. To yau zan gaya muku yadda aka yi ya hau allon nan.

A lokacin ina mataki na tara, ina riƙe da muƙamin jami'ar tarihin baka a ofishinmu na adana tarihi a nan Gusau, kuma ni kaɗai ce mace a sashen. An umarce mu mu tattara sunayen mutanen Gusau da Tsafe da Bungudu waɗanda Turawa suka kwasa zuwa Burma a Yaƙin Duniya na Biyu, a rubuta su a allo kafin ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Yadda muke aikin shi ne, ayari ya tafi gari, a sauka a zauren mai unguwa, a tara dattawa, a cike fom. Fom ɗin yana neman suna, lambar soja, muƙami, da shaida. Shaida iri biyu ce. Ko dai takarda, wato littafin sallama ko lambar yabo, ko kuma murya. Shaidar murya tana da sharaɗi: mai ba da labari ya faɗi sunansa, sannan ya faɗi sunan wanda yake magana a kansa da bakinsa, a ji a cikin rikoda. Ba na ƙin ƙa'idar nan, an yi ta ne don kada a ɗauki labarin wani a jingina wa wani. Idan an gama, jerin sunayen ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu, jami'in tarihin baka da Darakta.

Sa hannu dai nawa ne, amma zaure ba nawa ba ne. Malam Tukur, wanda ke jagorantar ayarin, shi da abokansa biyu ke zama da dattawa. Ni kuwa sai a ce, "Hajiya, ki shiga gidaje ki ɗauko mana waƙoƙin daka da na daɓe." A ganinsu an sallame ni ke nan. Ban taɓa yi musu musu ba, don na daɗe da gane cewa abin da ake ji a tsakar gida ya fi wanda ake ji a zaure yawa.

Ranar da muka je Nahuce, a ƙasar Bungudu, mata suka ce in waƙar daɓe nake so, in je wurin Inna Ige. Na same ta zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ta kusa tasa'in, yanar ido ta fara rufe mata gani, amma muryarta tana nan garau. Ta yi mini waƙa biyu, ta fara ta uku, sai ta katse.

"Ke ɗiyata, mazan ga da kunka zo da su, mi suke nema ga zaure?"

Na ce sunayen waɗanda suka je Burma.

Ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta da daɗi. "To sun samu. Zauren ga shekara saba'in abu guda yake hwaɗi. Abin naki na kunne?"

Na ce yana kunne.

"Bar shi."

Mijinta take son ba ni labari. Ya rasu shekaru da dama kafin zuwanmu. Ta ce shi ba a ba shi bindiga ba, cikin masu dako yake, waɗanda ke ɗaukar harsashi da abinci a ka cikin dajin da mota ba ta shiga, ba su da makami sai adda. Wata rana Japanawa suka yi musu kwanton ɓauna a bakin wani kogi. Rundunar ta ja da baya ta haye ruwa, aka bar waɗanda suka faɗi a wancan ƙetaren. Da aka kira suna, ba ya nan. Sajen da ke kansu, wanda mutumin unguwarsu ne kuma ɗan babban gida, ya ce da idonsa ya gan shi ya jefar da kaya ya ruga daji. Aka rubuta ya gudu.

"Ya jefar da kaya, gaskiya na," in ji Inna Ige. "Ya ruga kuma, gaskiya na. Amma baya ya ruga, inda anka bar mutane."

Mutum uku ya samu da sauran numfashi. Ya ja su cikin kurmin gora ya ɓoye, yana jin maganar Japanawa a kan hanya. Bai iya haye kogin a nan ba, don an tsare mashigin. Sai ya yanke bargonsa ya yi majanyi, ya riƙa goya su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda mace ke goyon ɗa. Ya kai wannan gaba ya ajiye, ya dawo ya ɗauki wancan, haka yake bin gaɓar kogin yana neman inda ruwa bai kai wuya ba. Kwana tara yana wannan aikin, suna cin tsiron gora da abin da ya tono. Ɗayansu, ɗan Nahuce ne, ya cika a bayansa rana ta huɗu, ya haƙa masa rami da adda ya rufe shi. Sauran biyun ya fito da su, amma a wurin wata runduna dabam, nesa da tasa. Jirgi ya ɗauke su zuwa asibiti, shi kuma aka mayar da shi dako. Babu wanda ya koma ya goge abin da aka rubuta.

Sajen ya riga shi dawowa gida. Kafin mijin nata ya iso, an riga an raɗa masa suna Gudau. Sau ɗaya ya tsaya a zaure ya faɗi abin da ya faru, aka ce ina shaidarsa. Wanda zai shaide shi a garin yana kwance a bakin kogin Burma. Aka yi dariya, shi kuma bai sake ɗaga maganar ba har ya mutu. Inna Ige ta aure shi da sunan a kansa, ta haifi 'ya'yan Gudau, ta ga jikokin Gudau, har a makaranta haka ake tsokanarsu.

Na tambaye ta sauran biyun fa. Ta ce ɗaya mutumin gabas ne, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ɗayan kuwa Bawa ne, mutumin Tsafe, an yanke masa ƙafa. Ya taɓa zuwa sau ɗaya da sandunansa.

"Na ce mishi, ga shaidarka Allah ya kawo, kai shi zaure. Ya ce bai ɗauko mutum daga bakin mutuwa don ya mai da shi shaida ba. Ga gona ya sauke shi, ga gona ya sallame shi, don kada baƙo ya ji sunan da aka kiran shi."

Ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙullin tsumma daga adudu. Littafin sallama ne, ya yi laushi saboda tsufa. Na ga sunan: Labbo Nahuce. Haka Turawa ke yi, su haɗa sunan mutum da na garinsu. A ƙasa an rubuta da Turanci cewa ya bar bakin aiki a gaban abokan gaba. Na buɗe baki zan fassara mata, ta ɗaga hannu ta ce an sha karanta mata.

A nan ne ƙa'idarmu ta tsaya mini a wuya. Fiye da awa guda tana magana, ba ta faɗi sunansa ko sau ɗaya ba. "Shi," take cewa, ko "mai gidan ga," ko "bawan Allahn nan." Ni ba baƙuwa ba ce, na san dalili. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban ji sunan mahaifina a bakinta ba. Amma duk da haka na gwada, kuma har yau ina jin kunyar gwadawar. Na ce, "Inna, don rikoda, wa kike ba ni labarinsa?"

Ta juyo da fuskarta wajena. "Wa kuwa? Shi."

Na kashe rikoda, na yi mata godiya.

A mota na fara gaya wa Malam Tukur. Ban kai rabi ba ya fashe da dariya. "Gudau? Ai dattawa sun ba mu labarinsa. Ga fom ɗinsa ma, na ja masa layi." Na ce dattawan wane gida. Ya ce dattawan gari mana. Na ce zauren da kuka zauna, gidan su sajen ne ko ba shi ba ne. Ya juya yana kallon gonaki ta taga.

Washegari Talata na kai wa Darakta rikodar. Mutum ne mai tsabtar aiki, ba ya cin amana, ban taɓa ce masa azzalumi ba. Amma ya yarda da takarda fiye da yadda ya yarda da idonsa. Ya saurari minti biyar ko shida, sannan ya turo mini ita da bakin biro, ya faɗi maganar da na gaya muku.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ji ta har ƙarshe."

"Ko na ji ta har gobe, ta faɗi suna? Ba ta faɗa ba. Littafinsa ya ce ya gudu, dattawa sun ce ya gudu. Kina so in rubuta shi a allo ɗaya da waɗanda suka tsaya?"

Malam Tukur yana zaune a gefe, ya ce da shi ne a matsayina da ya koma ya lallashe ta. Kalma ɗaya ce ai. In ta ƙi, a sa jikanta ya faɗa ta maimaita bayansa, tsohuwa ce, za ta gaji ta faɗa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Malam Tukur, ita kaɗai ce ta rage a duniya tana girmama mutumin nan. Gari ya ƙwace masa suna, ita ta riƙe masa shi a baki shekara saba'in ba ta yar ba. Ni ce zan je in sa ta yar da shi don in cike akwati a fom? Wallahi ba zan je ba."

Darakta ya ce to shi ke nan, in kawo wata shaidar. Ranar Juma'a da safe jerin zai tafi wurin mai fenti. Ya kuma tuna mini cewa akwai takardar da ta hana motar ofis da ma'aikata bin hanyar Tsafe ba tare da izininsa ba, saboda 'yan bindiga. Na nemi izinin. Ya ce bai bayar ba.

Ranar Laraba na wuni a ɗakin fayil. Na ɗauko fom ɗin Tsafe duka ina bi ɗaya bayan ɗaya, ina neman Bawa. Ban sha wahala ba, don shi ne abin alfaharin baje kolin kayan yaƙi da muka shirya: Kofur Bawa Tsafe, mai lambar yabo, ya rasa ƙafar hagu a Burma. Lambar da littafinsa ma suna cikin akwatin gilashi a zaurenmu, iyalinsa sun ba mu aro. Na sauko ƙasan fom ɗin inda ake rubuta sunan mai ba da labari. An rubuta: ɗansa, Alhaji Labbo Bawa, tela. Da rubutun Malam Tukur kuwa. Ya zauna da mutumin, ya tambaye shi lamba da muƙami, ya karɓi lambar yabo, ya taso. Ko sau ɗaya bai ce masa yaya aka yi mahaifinka ya tsira ba, don fom bai da wurin wannan tambayar.

Ranar Alhamis da safe na buɗe littafin fita na rubuta da manyan baƙaƙe: "Tsafe, aikin ofis." Ban ɓoye ba, kuma ban ce zan je asibiti ba. Na je tasha na shiga motar haya. Ba zan ce muku ban ji tsoro ba. Daga inda gidaje suka ƙare kowa a motar ya yi tsit, wata mata kusa da ni tana jan carbi har muka ga shingen jami'an tsaro na bakin gari. Ina da 'ya'ya huɗu a gida, a unguwar Damba, na tuna su ɗaya bayan ɗaya. Amma na tuna kuma cewa mutumin da nake bin sawunsa ya koma baya da adda kawai.

Na samu Alhaji Labbo a shagonsa kusa da kasuwa, dattijo mai furfura, tabarau a kan hanci, yana ɗinkin wuyan riga. Muka gaisa, na ce daga ofishin tarihi nake. Ya ce ai sun zo, ya ba su komai. Na ce tambaya ɗaya ta rage. "Alhaji, sunan wa aka sa maka?"

Ya ɗauke ƙafa daga keke. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Hajiya, tun da nike ba wanda ya taɓa tambayata wanga abu. Sunan ubana na biyu na. Mutumin Nahuce."

Na kunna rikoda. Ya ba ni labarin daga bakin mahaifinsa, kuma ya yi daidai da na Inna Ige: kogin, kurmin gora, bargon da aka yanke, wanda ya cika rana ta huɗu. Ya ƙara abin da ita ba ta sani ba. Mahaifinsa ya roƙi Labbo sau uku ya ajiye shi ya tsira da ransa, sai Labbo ya ce masa ya yi shiru, kayan Bature da ya saba ɗauka sun fi shi nauyi, kuma su ba sa surutu. Ya ce duk sallar layya mahaifinsu sai ya tara su ya ba su labarin nan, har suka haddace shi.

"Ai na san can garinsu sarauta za su ba shi," in ji Alhaji. "Halan shi ne kan gaba ga allon naku?"

Na ce masa an ja wa fom ɗinsa layi. Na gaya masa sunan da ake kiransa a Nahuce, da wanda ake kiran jikokinsa.

Ya tashi ya naɗe rigar da yake ɗinki, ya ɗauki hularsa, ya jawo ƙofar shago ya sa kwaɗo, rana tsaka, ranar ciniki. Ya ce, "Mu tahi Gusau."

Juma'a ƙarfe takwas muna ofishin Darakta. Alhaji Labbo ya sa bakinsa kusa da rikoda ya faɗi sunansa, ya faɗi sunan Labbo Nahuce sau uku, ya ce ko akwai sauran ƙa'ida. Darakta ya karɓe shi da mutunci, ya sa aka kawo masa ruwa. Sannan ya ce yanzu an samu shaidar murya, amma ta ci karo da shaidar takarda, kuma idan haka ta faru sai an kafa kwamiti ya duba. Kwamiti kuwa ba zai zauna kafin biki ba. A bari sai baɗi. Ya miƙo mini jerin sunayen da biro.

Na san baɗin ofis. Na kuma ga yadda Inna Ige ke dafa bango kafin ta miƙe. Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya rubuta takardar nan yana wannan ƙetaren kogi lokacin da abin ya faru a wancan. Wanda aka goya kuwa yana wurin, ya dawo ya sa wa ɗansa sunan. Ga ɗan zaune gabanka. In takarda ta fi wannan, to a rufe sashen tarihin baka mu huta. Ba zan sa hannu a jerin da babu shi ba."

"Hajiya Luba, kin san abin da kike yi?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

Alhaji Labbo ya ajiye kofin ruwan bai sha ba. Ya ce a buɗe akwatin gilashi a ba shi lambar mahaifinsa da littafinsa, a kuma goge sunan Kofur Bawa daga jerin. Darakta ya ce haba Alhaji, ai mahaifinka gwarzo ne.

"Gwarzon ga bayan Labbo ya dawo. Ba ya hawa allon da anka hana wanda ya goya shi. In yana da rai da sandarsa zai zo ya kankare."

Aka buɗe akwatin. Ya naɗe kayan a hankici ya sa a aljihu ya fita. Kafin azahar masinja ya kawo mini takardar tuhuma: fita zuwa Tsafe ba izini, da ƙin sa hannu a aikin hukuma, in ba da amsa cikin awa ashirin da huɗu. Jerin kuma ya tafi wurin mai fenti da sa hannun Darakta shi kaɗai, ba a goge sunan Kofur Bawa ba. Na koma gida ina ganin na sha ƙasa, kuma na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba.

Amsar tuhumar layi biyu na rubuta. Na ce na je Tsafe, kuma na ƙi sa hannu, dalilina yana haɗe. Abin da na haɗa shi ne maganar Inna Ige da ta Alhaji Labbo, na rubuce su kalma bayan kalma, shafi goma sha ɗaya. Na yi haka da gangan. Na san Darakta ba zai saurari murya ba, amma duk abin da aka rubuta aka sa a fayil sai ya karanta shi har ƙarshe, ya gyara waƙafi ma.

Ranar Litinin allo ya dawo daga wurin mai fenti aka rataye shi, akwatin gilashi yana ƙarƙashinsa babu komai a ciki. Talata da hantsi fayil ya dawo teburina. A gefen shafin ƙarshe Darakta ya rubuta da jan biro, "A ƙara." Kalma biyu, babu gaisuwa, babu ban haƙuri. Har muka rabu bai taɓa gaya mini ko labarin ne ya kama shi ko akwatin da ya zama fanko ba, ni ma ban tambaya ba. Tuhumar dai bai janye ta ba. Mai fenti ya zo da tsani da gwangwaninsa, ya ce wane muƙami za a sa. Na ce ba shi da muƙami, ya rubuta "mai dako". Wuri ya ƙure a ƙasan allon, shi ya sa sunan ya ɗan karkace.

Ranar biki zauren ya cika. An gayyaci dattawan garuruwa, har da na zauren nan na Nahuce, suna zaune a layin gaba. Alhaji Labbo ya dawo da lambar mahaifinsa, sannan ya je da kansa ya ɗauko Inna Ige. Tun a mota ta ƙi kiran sunansa shi ma, tunda sunan mijinta ne. "Maigida" take ce masa, tsoho mai jikoki yana amsawa da "Na'am, Inna."

Da aka gama jawabai na kama hannunta muka je gaban allo. Ba ta iya karatun boko ba, idon ma ba ya gani sosai. Ta ce, "Ina yake?" Na ɗora tafinta a kan layin ƙarshe. Ta shafa shi daga wannan gefe zuwa wancan, a hankali.

"Karanta mini."

Na sunkuya kusa da kunnenta na karanta.

"Ba ni za ki hwaɗa ma ba, ni na san shi. Ɗaga murya, zauren garinmu na nan."

Na miƙe na juya ina fuskantar layin gaba. Na ce, "Labbo Nahuce, mai dako." Na ƙara abin da ba a rubuta a allo ba, ba kuma wanda ya ba ni izini: na ce ya koma bayan abokan gaba ya goyo mutum uku, ya fito da biyu, ya binne ɗaya da hannunsa. Wani dattijo a layin gaba ya sunkuyar da kai. Darakta yana kallon silin.

Inna Ige ba ta ɗauke hannunta daga allon ba. Ta ce, "Sake."

Na sake. Ta ce in sake, na sake. Sannan ta saki allon, ta gyara lulluɓinta, ta ce wa Alhaji Labbo, "Maigida, kai ni gida." Ba ta ga damina ta gaba ba.

Tuhumar nan ta jinkirta mini ƙarin girma shekara guda, kuma tana nan cikin fayil ɗina, wanda ke so ya je ya duba. Ban taɓa neman a cire ta ba. Kafin in bar aiki na yi ta naci har aka ƙara layi biyu a fom ɗinmu. Na farko ya ce idan mai ba da labari ba ta faɗin sunan saboda kunya, wani na gida ya faɗa a gabanta, ita ta ce haka ne. Na biyu tambaya ce: sunan wa aka sa maka? Na ga wasunku suna tsallake layukan nan don sauri, shi ya sa na tsayar da ku yau. In kun je gari ku gaida zaure, ku zauna, ku rubuta abin da aka faɗa. In kun gama kada ku nufi mota. Ku nemi izini a shiga cikin gida, ku tambayi wace ce ta fi kowa tsufa, ku kunna rikoda ku bar ta a kunne.